Rachel Ruysch: Uwar 'ya'ya goma da ta shekara sittin da ɗoriya tana zana furanni

Duk wadda ta taɓa aikin jinya ta san ƙarfe uku na dare a ɗakin masu jego. An gama raba magani, jarirai sun yi shiru, masu zaman jinya sun baje tabarmi a baranda, ke kuma ba ki da damar runtsawa. A irin wannan dare ne, ina latsa waya don korar gyangyaɗi, na ci karo da hoton wata kwalba maƙare da furanni, bayanta baƙi ƙirin.

Da farko na ɗauka aikin kyamara ne. Na sa yatsu biyu na ƙara girman hoton, sai ga kiyashi yana hawa kan wani farin fure, ga ɗigon raɓa kamar in taɓa ya jiƙa mini yatsa, ga ganyen da tsutsa ta ci ta bar huda. Da na karanta bayanin da ke ƙasa, sai na ga ashe da hannu aka zana shi, da buroshi da fenti, fiye da shekara 300 da suka wuce. Mai zanen mace ce 'yar ƙasar Holan, sunanta Rachel Ruysch, wato Rahila a bakinmu. Layi na gaba shi ya wartsakar da ni gaba ɗaya: ta haifi 'ya'ya goma, kuma ba ta ajiye buroshi ba har ta haura shekara 80.

Ni 'ya'yana uku, amma rubutun shafi biyu kan kwashe mini mako guda. Don haka na shiga bin diddigin wannan baiwar Allah da zamanin da ta rayu, ina so in san yadda aka yi ta iya. Ga abin da na samo, 'yar'uwa, har da ɓangaren da bai yi mini daɗi ba.

Lokacin da fure ya zama dukiya

Masana tarihin zane suna kiran salon da ya mamaye Turai daga wajen 1600 zuwa 1750 da sunan barok. Ana gane shi da duhu mai ƙarfi a baya, haske ya faɗo a kan abin da ake son ido ya gani, ga cika da ƙawa. A Italiya aka fi yin sa a bangon majami'u da fadoji. A Holan kuwa lamarin ya sha bamban. Ɗariƙar Kiristancin da ta yi rinjaye a can ba ta yarda da hotuna a wurin ibada ba, har a 1566 an yi boren da aka farfasa gumaka da hotunan coci-coci. Masu zane suka rasa babban mai ba su aiki, suka koma wa 'yan kasuwa masu son abin ratayawa a falo. Daga nan aka samu masu zana teku, masu zana shanu, masu zana kayan marmari, da masu zana furanni zalla.

A daidai lokacin kuma jiragen ruwan Holan suna dawowa daga Asiya da Afirka da nahiyar Amurka da tsirran da Turawa ba su taɓa gani ba. Wanda ya fi ruɗa su shi ne tulib, furen da ke fitowa daga wani abu mai kama da albasa. Daga ƙasar Turkiyya ya shigo Turai, kuma sunansa ma daga kalmar da Turkawa ke kiran rawani da ita ya samo asali, saboda siffarsa. Wani masanin tsirrai, Carolus Clusius, ya koma jami'ar Leiden a 1593 ya dasa su a lambunta, daga nan sha'awarsu ta bazu.

Farashin albasar tulib ya yi ta hawa, mutane suna sayen wadda ke binne a ƙasa ba su ma gan ta ba, su sayar wa wani da riba, har kasuwar ta rushe a watan Fabrairun 1637. Nau'in da aka fi rububi shi ne mai ratsi-ratsin ja da fari kamar harshen wuta. Abin da ya ba ni dariya a matsayina na ma'aikaciyar lafiya shi ne, sai a ƙarni na 20 aka gano cewa wannan ratsin ciwo ne. Wata ƙwayar cuta ce da ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗawa, tana kuma raunana albasar. Ashe furen da attajirai ke kashe dukiya a kansa majinyaci ne.

Fure yana yin kwanaki kaɗan ya bushe, ga sanyin Holan mai tsawo da ba a ganin ko ɗaya a lambu. Zane kuwa yana nan rani da damina. Wannan ya sa masu zana furanni suka samu kasuwa. Jan Brueghel Babba na birnin Antwap ya zana wa Kadinal Federico Borromeo na Milan wani babban dami na furanni a 1606, har ya rubuta masa cewa sai da ya yi tafiya zuwa Burasal don ya ga wasu furannin da idonsa. Ambrosius Bosschaert ya rasu a birnin Heg a 1621, ya je kai wani zanen furanni da aka yi cinikinsa gilda 1,000. A lokacin, ƙwararren mai sana'ar hannu kamar kafinta yakan samu wajen gilda 300 ne a shekara.

Damin da ba a taɓa haɗawa ba

Ga wani abu da ban sani ba sai da na karanta. Kusan duk waɗannan kwalabe na furanni ba a taɓa cika su a zahiri ba. A zane ɗaya za ki ga tulib na farkon bazara, kusa da shi wardi na tsakiyar zafi, a sama kuma wani furen da ba ya buɗewa sai kaka. Kamar a ce ki ga ɗanyen mangwaro da ɗanyar masara da sabon rake a faranti guda, an ce miki yau aka tsinko su duka.

Yadda suke yi shi ne, idan fure ya buɗe sai mai zane ya zauna ya zana shi shi kaɗai, ko dai kai tsaye a gurbin da ya bar masa a jikin ƙyallen, ko a takarda ya adana. Sai ya jira na gaba. Zane ɗaya yakan ci watanni, wani ma ya tsallaka shekara. Jan van Huysum, wanda ya yi zamani da Rachel a Amstadam, ya taɓa rubuta wa wani basaraken Jamus da ke jiran aikinsa cewa abin da ya hana shi gamawa bara shi ne bai samu wardi mai ruwan ɗorawa ba. Akwai zanukansa da ke ɗauke da shekaru biyu a rubuce, shekarar da ya fara da wadda ya gama.

Fentin ma ba a shago ake sayo shi a kwaɓe ba. Niƙa shi ake yi a kan dutse, a haɗa da mai. Shuɗi mafi tsada daga wani dutse ake samo shi da ake haƙowa a Afganistan. Wani nau'in ja daga busassun ƙwari ne da ake kawowa daga Meziko. Fari kuwa da dalma ake yin sa, gubar da mu a Arewa mun ga irin ɓarnar da take yi wa ƙananan yara. Kore sau da yawa haɗi ne na shuɗi da rawaya, kuma wani rawayan yana koɗewa da daɗewa. Shi ya sa idan kika ga ganye ya yi shuɗi-shuɗi a wasu tsofaffin zanuka, ba kuskuren mai zanen ba ne, shekaru ne suka cinye rawayan.

'Yar malamin ungozomomi

An haifi Rachel a birnin Heg a 1664, aka koma da ita Amstadam tana 'yar ƙarama, daga baya iyalin suka zauna a bakin wata hanyar ruwa da ake kira Bloemgracht, ma'ana mashigin furanni. Mahaifiyarta Maria Post 'yar wani sanannen mai tsara gine-gine ce. Mahaifinta kuwa, Frederik Ruysch, shi ne ya sa na ji labarin ya matso kusa da ni. Likita ne masanin sassan jikin ɗan Adam, kuma daga 1668 shi aka ɗora wa koyar da ungozomomin birnin. Ba a barin mace ta karɓi haihuwa a Amstadam sai ta ci jarrabawa a gabansa. Akwai wani zane na 1683 da Jan van Neck ya yi, inda ake ganin sa yana nuna wa likitoci cibiya da mabiyiyar wani jariri. Daga baya, a 1685, ya zama malamin ilimin tsirrai a lambun magunguna na birnin.

Gidansu cike yake da kwalabe da akwatuna: sassan jiki da ya adana da wani haɗi nasa na sirri, ƙwari, tsuntsaye, kifaye, busassun tsirrai daga ƙasashe masu nisa. Baƙi daga ko'ina a Turai suna zuwa kallo. Sarkin Rasha Peter Mai Girma ya ziyarci gidan a 1697, ya dawo a 1717 ya saye tarin gaba ɗaya a kan gilda 30,000. Har yau wasu daga cikin kayan suna birnin San Fitasbag.

A cikin wannan gida yarinyar ta tashi, tana kallon yadda ake ƙirga ƙafafun ƙwaro da jijiyoyin ganye. Da mahaifin ya ga hannunta ya faɗa wajen zane, bai ce wannan wasan yara ba ne. Tana da shekara 15 ya kai ta wurin Willem van Aelst, ɗaya daga cikin manyan masu zana furanni na lokacin, ta zama almajirarsa. Kafin ta cika 20 ta fara sa hannu a aikinta tana sayarwa. Ƙanwarta Anna ita ma ta koyi sana'ar.

Me ya sa furanni? A zamanin, zanen da ake girmamawa fiye da kowane shi ne na labaran tarihi da na addini, mai mutane da yawa. Koyon sa na buƙatar zama a ajin da ake zana jikin mutum tsirara, kuma ba a barin mata shiga. Zanen furanni da kayan marmari shi ne a can ƙasan jeri. Ƙofar da aka bari a buɗe ke nan, ta shiga, ta kuma kai sana'ar inda maza da yawa ba su kai ba. Zanenta ɗaya yakan kai gilda 750 zuwa 1,200. Rembrandt, wanda yau duniya ta fi sani a cikin masu zanen Holan, da wuya ya karɓi fiye da 500 a kan zane ɗaya a rayuwarsa.

Abin da ya bambanta ta da na farko irin su Bosschaert shi ne motsi. Nasu furannin a jere suke reras, kowane na fuskantar mai kallo kamar ɗaliban da aka tsayar a ɗauki hoto. Nata kuwa wani ya sunkuya, wani ya juya baya, wani karansa ya karye ya rataya a bakin tebur. Ta kuma riƙa saka tsirran da ta gani a lambun mahaifinta, har da wani fure na Afirka ta Kudu mai warin ruɓaɓɓen nama, wanda ke jawo ƙudaje da warin.

Aure, haihuwa da buroshi

Ta yi aure a 1693 tana da shekara 29, ta auri Juriaen Pool, mai zana fuskokin mutane. A lokacin, mata da dama masu wannan baiwa da zarar sun yi aure shi ke nan. Judith Leyster, wadda ta yi suna a birnin Harlem kafin a haifi Rachel, aikinta ya ragu ƙwarai bayan aurenta. Ita ma Anna, ƙanwar Rachel, sana'arta ba ta yi nisa irin na yayarta ba.

Rachel kuwa a shekarun goyo da ciki ne sunanta ya fi tashi. A 1701 ƙungiyar masu zane ta birnin Heg ta karɓe ta. A 1708 Johann Wilhelm, basaraken da ke da fada a Dusaldof ta Jamus, ya naɗa ta mai zanen fadarsa. Sai aka yi wani tsari da na so a ce masu ɗaukar mata aiki a yau sun ji labarinsa: ba a tilasta mata kwashe iyali ta koma fada ba. Ta ci gaba da zama a gidanta na Amstadam tana aiki, tana aikawa, takan je fadar jefi-jefi. Ta riƙe matsayin har basaraken ya rasu a 1716. Autanta ta haife shi tana da shekara 47, aka sa masa sunan basaraken, Jan Willem.

A wancan zamanin babu allurar rigakafi, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙyanda da agana da zawo suna kwashe yara ko a gidan likita. Wasu daga cikin 'ya'yanta sun rasu suna ƙanana. Na daɗe ina tunanin wannan. Matar da ke zana furen da ya buɗe kusa da wanda ya fara zubewa ta san abin da take zanawa. Malaman addininsu suna karanta irin waɗannan hotuna a matsayin wa'azi, cewa kyau da ƙuruciya da dukiya duk masu gushewa ne. Wasu masu zanen sukan fito da saƙon fili, su ajiye agogo ko ƙoƙon kan mutum kusa da kwalbar. Ita Rachel ta fi barin tsutsa da dodon koɗi da busasshen ganye su faɗa. Duk wadda ta taɓa naɗe jaririn da bai zo da rai ba ta miƙa wa kakarsa ba ta buƙatar a fassara mata.

Akwai wani zane da mijinta ya yi a 1716 na iyalinsu. Ita ce zaune a gaba, furanni a gefenta, ga ƙaramin ɗansu, shi kuma maigidan yana tsaye daga baya. Namiji ne mai sana'a iri ɗaya da matarsa, ya san ta fi shi suna da kuɗi, ya ɗauki buroshinsa ya sa ta a gaba.

Wajen 1723 suka ci wata babbar cacar gwamnati, gilda 75,000. Ta sassauta aiki na wasu shekaru, sannan ta dawo, ba don neman abinci ba. A zanukanta na tsufa ta riƙa rubuta shekarunta kusa da sa hannunta, har da wanda ta rubuta 83. Mijinta ya rasu a 1745, ita kuma a 1750 tana da shekara 86. A shekarar ne aka buga wani littafi na waƙoƙin yabo da mawaƙan ƙasarta suka yi mata.

Sauran matan da suka riƙe buroshi

Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba duka ne suka samu sa'arta ba.

Maria van Oosterwijck, 'yar limamin coci da aka haifa a 1630, ta sayar wa sarkin Faransa Louis na 14 da sarkin Ostiriya Leopold na 1 zanukanta. Ba ta yi aure ba. Arnold Houbraken, marubucin tarihin masu zane, ya ba da labarin cewa Willem van Aelst, wanda daga baya ya koyar da Rachel, ya nemi aurenta. Sai ta gindaya masa sharaɗi: ya shekara guda yana aiki awa goma kullum. Da yake ɗakin aikinsa na kallon nata, duk ranar da ya yi fashi sai ta ja layi da alli. Shekara ta zagayo, layukan suka yi yawa, maganar aure ta mutu. Abin da ya fi burge ni a labarinta shi ne 'yar aikinta, Geertje Pieters, wadda ke niƙa mata fenti. Maria ta koya mata zane har ta zama mai cin gashin kanta.

Margaretha Haverman ta koyi aiki wurin Jan van Huysum, mutumin da aka sani da ɓoye dabarunsa. A 1722 babbar makarantar zane ta Faransa ta karɓe ta, abin da ba kasafai ake yi wa mace ba. Shekara na zagayowa aka kore ta, bisa zargin wai zanen da ta gabatar malaminta ne ya yi. Aikinta ya yi kyau har an ƙi yarda na mace ne. Zanukanta ƙalilan ne suka rage, ɗaya yana birnin Niyok.

Maria Sibylla Merian kuwa, wadda mijin mahaifiyarta mai zana furanni ne, ta fi karkata ga ƙwari. A 1699, tana da shekara 52, ta hau jirgin ruwa da 'yarta zuwa Surinam a Kudancin Amurka, don ta ga da idonta yadda tsutsa ke rikiɗewa ta zama malam-buɗe-littafi. Littafinta ya fito a 1705.

Abin da ke bayan kwalbar

A littafin Merian ne na ci karo da abin da ya sanyaya mini jiki. Surinam gonakin rake ne na Holan, bayi 'yan Afirka ke noma su. Tana bayanin wani kyakkyawan fure, sai ta rubuta cewa matan da ke cikin bauta sun gaya mata suna amfani da 'ya'yansa su zubar da ciki, don kada su haifi yaran da za su tashi bayi kamar su.

Dukiyar da ta sayi waɗannan zanuka ba daga sama ta faɗo ba. A 1637, shekarar da kasuwar tulib ta rushe, a shekarar ce Holan ta ƙwace ganuwar Elmina da ke gaɓar tekun Gana ta yau daga hannun Fotugal, kuma ta nan aka yi ta lodin mutane zuwa gonakin ƙetare. Jiragen da ke kawo baƙin tsirrai lambun Amstadam na kamfanonin da ke wannan fatauci ne. Wannan bai rage gwanintar Rachel ba, amma ya kamata mu da muke wannan nahiya mu kalli hotunan da sanin haka.

Ya kuma kamata in faɗi gaskiya a kan tambayar da na fara da ita. Yaya ta iya? Ba ƙoƙarinta kaɗai ba ne. Tana da uba da ya ɗauki baiwarta da muhimmanci ya nema mata malami. Tana da miji da bai ga ɗaukakarta a matsayin raini ba. Ta samu mai ba ta aiki da ya bar ta a ɗakinta. Tana da kuɗi, kuma gidan masu hali a Amstadam ba ya rasa 'yan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka kada wani ya ɗauki labarin nan ya gorantar wa matar da ke ɗebo ruwa, ta hura itace, ta yi wanki, ga goyo a baya, ya ce mata ga wata can ta haifi goma ba ta ajiye sana'a ba. Wanda ke son matarsa ko 'yarsa ta yi irin na Rachel, sai ya fara duba ko shi ya yi irin na Frederik da Juriaen.

Abin da na ɗauka na kai gida

Abu biyu ne. Na farko ya shafe ni. Na daɗe ina cewa zan zauna in yi rubutu sosai idan yara sun girma, idan an sauya mini dutin dare, idan na samu wata guda babu hidima. Sanin cewa waɗannan damman furanni ɗaya bayan ɗaya aka zana su, wani yau, wani bayan wata uku, ya sa na daina jiran wannan watan. Rubutun nan da kike karantawa a waya na yi shi, sakin layi ɗaya a wurin aiki, wani ina jiran shinkafa ta tsotse. Da yayyafi kogi kan cika. Nawa ne a cikinmu suka ajiye keken ɗinki, ko ƙwaryar saƙa, ko zanen lalle, ko karatun da suka faro, suna jiran lokacin da ba zai zo a dunƙule ba?

Na biyu ya fi mini ciwo. Babbar 'yata tana aji uku na firamare, kuma bayan kowane littafinta cike yake da zanen furanni. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na yi mata faɗa a kan tana ɓata takarda, har na taɓa yage wani shafi a gabanta. Ina so ta zama likita. Ban taɓa tsayawa na lura ba cewa abin da take yi shi ne abin da muke fama mu koya wa ɗaliban jinya: kallo da kyau. Nas ɗin kirki ita ce wadda ta hango idon jariri ya fara rawaya kafin kowa, ta ga leɓen mai jego ya koɗe tun ba ta ce jiri take ji ba. A gidan su Rachel, idon da ya koyar da ungozomomi da idon da ya zana raɓa tarbiyya ɗaya ce.

Da na sauka daga aiki washegari na biya kasuwa na sayo mata littafin zane da fensira masu launi. Na tsinko furen kuɓewa a bayan gida na ajiye mata a kofi, na ce ta zana abin da ta gani, ba wanda ta saba zanawa da ka ba. Ta daɗe shiru tana kallo, can ta ɗago ta ce, "Umma, ashe cikinsa ja ne?" Shekarata nawa ina yanka kuɓewa, ni ma ban taɓa lura ba.

Idan kina da ɗan data, ki rubuta sunan Rachel Ruysch a wayarki. Zanukanta suna manyan gidajen adana zane na Amstadam da Heg da Landan da Fulorans, kuma da yawansu an sa hotunansu a intanet kyauta. Sai a ƙarshen 2024 aka shirya mata babban baje kolin da ya tattara aikinta ita kaɗai, a birnin Munik na Jamus, daga nan aka kai shi Amurka, shekara 274 bayan rasuwarta. Ki kira yara ku zauna tare, ki ƙara girman hoton, ku yi gasar wanda zai fara gano ƙwaro. Ku nemo furen da ya juya baya, da wanda ya fara zubewa, ki tambaye su ta wane ɓangare haske ya shigo. Minti goma ya isa.

Ke fa, uwargida, wace sana'a ko baiwa kika ajiye tun da hidimar gida ta taso? Wa ya taimaka miki kika ci gaba, ko me ya tsayar da ke? Muna jiran jin naki labarin.